Daga Sunan Ƙabila zuwa Sunan Mai Aiki: Waiwaye kan Littattafan Zane da Hoto na Afirka

Littattafai da mujallun da ake wallafawa a kan fasahar zane da ɗaukar hoto da zanen bango na Afirka sun sauya kama a cikin shekaru sittin da 'yan kai, kuma sauyin bai tsaya ga kyan takarda ko yawan launi ba, sai da ya taɓo tambayar da ke ƙarƙashin kowane shafi, wato wane ne ya yi aikin, kuma wa ke da hurumin yin bayani a kansa. Duk wanda ya buɗe irin littattafan da aka buga a Turai a farkon rabin ƙarni na 20 zai tarar da hoton gunki ko ƙofa mai sassaƙa ko abin rufe fuska na itace, a ƙarƙashinsa an rubuta sunan ƙabila da sunan ƙasar da ke hannun 'yan mulkin mallaka da sunan Baturen da ya mallaki kayan, amma da ƙyar zai ci karo da sunan masassaƙin, domin marubutan wancan zamani sun ɗauka cewa aikin hannu a Afirka gado ne na jama'a da ake ta maimaitawa, ba tare da wani mutum guda ya ƙara masa komai daga tunaninsa ba. Abin da ake kira fasahar zamani, wato ayyukan masu zane da masassaƙa da masu ɗaukar hoto da ke aiki a wannan zamani suna kuma sa hannu a kan abin da suka yi, ba shi da gurbi ko kaɗan a cikin irin wannan tsari.

Nijeriya na cikin wuraren da aka fara karya wannan al'ada. Mujallar Nigeria Magazine, wadda ta samo asali tun shekarun 1930 a ƙarƙashin gwamnati, ta riƙa buga sharhi a kan masu zane da sunayensu, sannan a 1957 Ulli Beier da Janheinz Jahn suka kafa Black Orpheus a Ibadan, wadda ko da yake adabi ne babban abin da ta sa gaba, ta buɗe shafukanta ga zane da sharhinsa. Ƙungiyar Mbari da aka kafa a Ibadan a 1961 ta baje kolin ayyukan mai zanen nan na Sudan, Ibrahim El-Salahi, ta kuma buga ɗan ƙaramin littafi a kansa, fiye da shekaru hamsin kafin gidan fasaha na Tate Modern a Landan ya shirya masa babban baje koli a 2013. A Zariya kuma, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗalibai da suka haɗa da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo sun kafa ƙungiyar masu zane a 1958, suna masu cewa bai kamata ɗalibi ya kwaikwayi malamansa na Ingila ido rufe ba, kamata ya yi ya haɗa dabarun da ya koya a aji da salon zane na gida. An daɗe ana ambaton wannan ƙungiya a cikin maƙaloli da kundayen digiri, amma littafin da ya sanya ta a tsakiyar tarihin fasahar ƙarni na 20 ga masu karatu na duniya, wato Postcolonial Modernism na Chika Okeke-Agulu, sai a 2015 ya fito, daga maɗaba'ar Jami'ar Duke a Amurka. Tsawon wannan tazara kaɗai ya isa ya nuna yadda rubutu ke biyo bayan aiki da nisa.

Babban juyi ya zo ne a ƙarshen shekarun 1980, kuma gardama ce ta haife shi. A 1984 gidan fasahar zamani na New York ya jera sassaƙe-sassaƙen Afirka da na tsibiran Pasifik kusa da ayyukan su Picasso, domin ya nuna abin da Turawa suka ara daga gare su, sai masu sharhi suka yi ca a kai, suna cewa an sake mayar da Afirka ma'ajiyar kayan aro marasa suna. A 1989 aka yi wani baje koli a Paris mai suna Magiciens de la Terre, wanda Jean-Hubert Martin ya tsara, aka gayyato masu fasaha kimanin 100, rabinsu daga wajen Turai da Amurka, aka kuma rubuta sunan kowa, ciki har da Chéri Samba na Kinshasa wanda ya fara da zanen allunan talla, da Esther Mahlangu mai zanen bangon gida daga Afirka ta Kudu. Wannan ma bai tsira daga suka ba, domin an lura cewa masu tsarawa sun fi karkata ga waɗanda ba su yi makarantar zane ba, kamar dai ɗan Afirka da ya karanta tarihin fasaha ya rage zama ɗan Afirka. Abin lura shi ne cewa kusan dukan wannan muhawara a kan takarda aka yi ta, a cikin mujallu da kundayen baje koli. Kundin baje koli littafi ne da ake bugawa tare da nunin, yana ɗauke da hotunan ayyukan da maƙalolin masana, kuma shi ne ke wanzuwa bayan an sauke kaya daga bango, saboda haka wanda ya rubuta shi ya fi wanda ya rataye kayan tasiri a kan abin da za a tuna.

Mujallu uku ne suka ɗauki nauyin mayar da martani. Rasheed Araeen, mai fasaha haifaffen Karachi, ya kafa Third Text a Landan a 1987, mujalla mai zafin harshe da ta fi mayar da hankali ga yadda cibiyoyin Turai ke tankaɗe waɗanda ba fararen fata ba daga tarihin fasaha. A 1991 Jean Loup Pivin da Simon Njami da Pascal Martin Saint Léon suka fara Revue Noire a Paris, da Faransanci da Ingilishi, a kan faffaɗar takarda mai sheƙi, yawancin fitowarta kuma tana ɗaukar ƙasa guda ko birni guda ne ta bi masu zanensa da masu hotonsa da marubutansa, har tsawon shekaru goma. Kyan bugun da kansa hujja ne, domin masu mujallar sun fahimci cewa zanen da aka buga a dishi-dishi a kan takardar jarida ba ya samun girmamawar da ake ba wanda aka buga da cikakken launi. A 1994 kuma Okwui Enwezor ya kafa Nka a New York, ya yi aiki tare da Salah Hassan ɗan Sudan da Olu Oguibe da Chika Okeke-Agulu, kuma a nan ne aka ga 'yan Afirka suna rubuta nazari a kan fasahar Afirka da murya irin ta masana, ba ta masu ba da labari ga wani mai bincike ba. Daga wannan ƙaramar mujalla Enwezor ya kai ga jagorantar babban baje kolin Documenta a Jamus a 2002 da na Venice a 2015, kafin rasuwarsa a 2019.

Sai dai dukan ukun a wajen nahiyar aka buga su. Waɗanda aka kafa a gida, irin su The Eye da malaman zane suka riƙa fitarwa a Zariya a shekarun 1990 da Glendora Review da ta fara fita a Legas a 1995, sun yi aiki mai daraja amma ba su yi tsawon rai ba, saboda tsadar takarda da rashin masu talla da ƙarancin masu saye. Chimurenga, wadda Ntone Edjabe ɗan Kamaru ya kafa a Cape Town a 2002, tana cikin kaɗan da suka jure.

Babu fannin da littafi ya sauya wa matsayi kamar ɗaukar hoto, kuma tarihin Seydou Keïta na Bamako shi ne misalin da masana suka fi komawa gare shi. Keïta ya buɗe situdiyonsa a 1948, ya yi aiki har farkon shekarun 1960 lokacin da sabuwar gwamnatin Mali ta ɗauke shi aiki, kuma a tsawon wannan lokaci ya ɗauki dubban hotuna a tsakar gidansa da hasken rana, sau da yawa ɗauka guda ga kowane mai zuwa saboda tsadar fim. Yakan rataya zane mai fure ko mayafin gado a baya, yana kuma ajiye kayan ƙawa da zai ara wa mai hoto, irin su rediyo da agogo da tabarau da alƙalami da babur ƙirar Vespa, ta yadda matar da ta ci ado da atamfa da ɗankwali za ta kishingiɗa ta ɗora hannu a kan rediyon da ba nata ba, zanen jikinta yana gogayya da zanen da ke bayanta har ido ya rasa inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Hoton da yake miƙa wa mai shi ƙarami ne, girman nagatif ɗin da aka wanke shi daga ciki, na aika wa dangi ko na maƙalawa a bangon ɗaki. A 1991 aka nuna wasu daga cikin hotunan a baje kolin Africa Explores a New York, aka rubuta cewa ba a san mai ɗaukarsu ba, alhali yana nan da ransa a Bamako, nagatif ɗinsa na ajiye. André Magnin, wanda ke tattara kayan fasaha wa attajiri Jean Pigozzi, ya bi sawu har ya same shi. Mai ɗaukar hoto Françoise Huguier ita ma ta san aikinsa, kuma tana cikin waɗanda suka kafa bikin hotuna na Bamako a 1994. A 1997 kamfanin Scalo ya buga babban littafi a kansa, a shekarar kuma aka nuna hotunan a wani fitaccen shagon sayar da kayan fasaha a New York, an faɗaɗa su ninkin-ba-ninkin, an ƙara wa baƙi duhu, an ƙara wa fari haske.

Littafin ya mayar wa Keïta sunansa, kuma wannan adalci ne da bai kamata a raina ba. Amma ya yi wani abu dabam da ba a cika ambata ba, wato ya cire hotunan daga amfanin da aka yi su dominsa, ya mayar da su abin kallo ga mutanen da ba su san ko ɗaya daga cikin fuskokin ba. Matar da ta zaɓi zaninta, ta zaɓi yadda za ta zauna, ta biya kuɗinta, ita ce yanzu ba ta da suna, ƙarƙashin hotonta kuma ba a ganin komai sai shekarar da ake zaton an ɗauka. Elizabeth Bigham ta tayar da wannan batu a mujallar African Arts a 1999, inda ta nuna cewa hoton situdiyo aikin haɗin gwiwa ne tsakanin mai kyamara da mai zama, sannan daga baya aka samu hannu na uku, na wanda ya sake wanke hoton a Paris bisa dandanon kasuwar Turai. Bayan rasuwar Keïta a 2001 taƙaddama ta ɓarke a kan mallakar nagatif ɗinsa da ingancin wasu hotunan da ake sayarwa da sunansa, abin da ba zai taɓa faruwa ba lokacin da hoton ba ya wuce kuɗin cefane.

Malick Sidibé, shi ma mai ɗaukar hoto na Bamako, ya bi wannan hanya, littafinsa ya fito daga kamfanin Scalo a 1998, ya karɓi lambar Hasselblad a 2003 da lambar zinare ta Venice a 2007, kuma hotonsa na daren Kirsimeti na 1963, inda wani saurayi sanye da kwat da wata budurwa ba takalmi suke rawa kawunansu na dab da haɗuwa, ya zama ɗaya daga cikin hotunan Afirka da aka fi sake bugawa. A 1996 gidan fasaha na Guggenheim ya yi baje kolin In/sight, a 1998 kuma Revue Noire ta fitar da katafaren kundin tarihin ɗaukar hoto a Afirka da tsibiran tekun Indiya, waɗanda suka tabbatar da cewa akwai tarihi mai tsawo da ya wuce mutum biyu na Bamako. Ta irin wannan bincike ne aka san Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar dare ta Yamai a shekarun 1960 da 1970. A Nijeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara kusan hotuna dubu, mafi yawansu daga ƙeya, ta yadda kitson ke tsayawa shi kaɗai kamar gini; an buga littafinsa a Turai a 2000, amma cikakken nazarin rayuwarsa da aikinsa Bisi Silva ce ta shirya shi daga cibiyarta ta Legas a 2014, shekarar da ya rasu. Wannan na biyun ya fi muhimmanci a wannan tarihi, domin ya nuna cewa cibiya ta gida na iya tsara littafi mai nauyin da ake zaton sai Turai.

Santu Mofokeng na Afirka ta Kudu ya tunkari matsalar sunan mai zama kai tsaye. Ya bi gidajen baƙaƙen fata yana tattara tsofaffin hotunan iyali na tsakanin 1890 da 1950, yana tambayar jikoki ko wane ne wannan, me yake yi, ina ya zauna, sannan ya jera hotunan da abin da ya samu na sunaye da tarihi, inda kuma bai samu ba ya bar tambayar a fili. An buga aikin a matsayin littafi mai suna The Black Photo Album a 2013. Ƙasarsa ce kuma ta ba da misalin littafin hoto da ya zama shaida a kan zalunci, wato House of Bondage na Ernest Cole, wanda ya fito a New York a 1967 yana nuna rayuwar ma'aikatan ma'adinai da 'yan aikin gida a ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata, aka haramta shi a gida, mai shi kuma ya rasu a gudun hijira a 1990. An ɗauka nagatif ɗinsa sun salwanta, sai a 2017 kimanin 60,000 daga cikinsu suka bayyana a ma'ajiyar wani banki a Stockholm, kamfanin Aperture kuma ya sake buga littafin a 2022. A tsakanin waɗannan shekaru ra'ayi game da littafin hoto ya canja, musamman bayan Martin Parr da Gerry Badger sun fara fitar da tarihinsa a 2004: an daina ɗaukarsa ma'ajiyar hotuna kawai, an koma kallonsa a matsayin aiki mai zaman kansa, wanda jerin shafukansa da girmansa da irin takardarsa duk suna cikin ma'anarsa.

Zanen bango na titi ya fi kowane fanni dogara ga littafi, saboda shi ba a yi shi don ya daɗe ba. Ruwan sama da rana da fentin hukuma da wani mai zanen da zai zo ya rufe na farko duk suna jiransa. A 1984 Martha Cooper da Henry Chalfant suka fitar da Subway Art, littafin hotunan rubuce-rubuce da zane-zanen da matasa ke yi da fentin feshi a jikin jiragen ƙarƙashin ƙasa na New York. Chalfant yakan tsaya a dandamalin tasha ya ɗauki tarago guda kashi-kashi, sannan ya haɗa hotunan su ba da tsawonsa gaba ɗaya, ita kuwa Cooper ta fi ɗaukar jirgin daga nesa yana ratsa unguwannin Bronx, da yaran da kansu suna aiki cikin dare. A 1989 hukumar sufurin birnin ta bayyana cewa ta tsabtace jiragenta, ke nan abin da littafin ya nuna ya gushe shekaru biyar kacal bayan fitowarsa, amma kafin nan matasa a Landan da Amsterdam da sauran birane sun riga sun mayar da shi littafin koyo, suna kwafar siffar haruffa daga shafukansa. A nan littafi bai tsaya ga adana fasaha ba, shi ne ya yaɗa ta, ya kuma daidaita mata salo guda a birane masu nisa da juna. Daga baya aka samu masu zanen da ke yin aiki da sanin cewa hoton ne zai yi yawo ba bangon ba, kuma Banksy, wanda littafinsa Wall and Piece ya fito a 2005, shi ne gwanin wannan lissafi.

A Afirka zanen bango ya fi kusa da siyasa da addini fiye da gasar suna tsakanin matasa. A Dakar, wajen 1990, bayan rikicin zaɓen 1988 da tarzomar da ta biyo bayan saɓani da Muritaniya a 1989, matasan unguwanni suka tashi da wani yunƙuri da aka sani da Set Setal, suna share tituna, suna kwashe shara, suna kuma cika bangaye da hotunan shehunai da jarumai da gargaɗin kiwon lafiya. Ƙungiyar Enda ta buga littafi a kan waɗannan bangaye a 1991, a cikin birnin da aka yi zanen, abin da ba kasafai ake samu ba. Allen Roberts da Mary Nooter Roberts kuma sun nuna a cikin A Saint in the City na 2003 yadda hoto guda na Shehu Ahmadu Bamba, wanda aka ɗauka wajen 1913, ya zama tushen dubban zane-zane a bangaye da motocin haya da ƙofofin shaguna, al'amarin da ba zai zama baƙo ga wanda ya saba ganin hoton Shehu Ibrahim Inyass a jikin motoci da shaguna a Kano ko Kumasi ba. A Alƙahira, bangon titin Mohamed Mahmoud kusa da dandalin Tahrir ya cika da fuskokin waɗanda aka kashe bayan juyin 2011, musamman matasa fiye da 70 da suka mutu a filin ƙwallo na Port Said a 2012, ana shafewa ana sake zanawa, har aka rushe wani sashe na bangon a 2015. Littafin Walls of Freedom na Basma Hamdy da Don Karl, wanda ya fito a 2014, ya adana yawancin wannan, kuma jami'an kwastan na Iskandariya sun tsare ɗaruruwan kwafinsa a farkon 2015. A Khartum ma, zane-zanen da suka mamaye bangayen wurin zaman dirshan na 2019 an bi su da fenti bayan tarwatsa taron a ranar 3 ga Yuni, abin da ya saura sai hotunan da ke cikin wayoyin mutane.

Littattafan shekarun baya-bayan nan sun fito ne a cikin yanayi dabam, domin yanzu kasuwa ta buɗe. An fara kasuwar baje koli ta 1-54 a Landan a 2013, ta Art X a Legas a 2016, sannan a 2018 aka sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu a kan fiye da fam miliyan 1 a wani gwanjo a Landan. Manyan kamfanonin dab'i sun biyo baya da littattafai masu nauyi, irin su Africa State of Mind na Ekow Eshun a 2020, da African Artists na kamfanin Phaidon a 2021 mai ɗauke da masu fasaha fiye da 300, da nazarin da Enwezor da Okeke-Agulu suka yi a kan mai fasaha El Anatsui wanda ya fito a 2022. Wasu daga cikinsu bincike ne na gaske da ya ci shekaru. Wasu kuwa jerin sunaye ne kawai, kowane mai zane da shafi guda da hoto guda da sakin layi guda na yabo, kuma mai karatu mai lura zai gane cewa irin wannan littafi ya fi yi wa mai saye da mai sayarwa hidima, tunda shigar sunan mai zane cikin littafi mai kauri na ɗaga farashin aikinsa. Sharhi mai suka, wanda zai ce wannan aiki ya gaza ya kuma faɗi dalili, ya yi ƙaranci idan aka kwatanta da zamanin da Third Text da Nka ke gardama da kowa, watakila saboda marubuci da mai tsara baje koli da mai sayarwa sun zama 'yan gida ɗaya da ba sa son ɓata wa juna.

Ƙasar Hausa ta shiga wannan tarihi ne galibi a matsayin abin nazari. A. H. M. Kirk-Greene ya rubuta ɗan littafi a kan gidajen Zariya masu ado a 1963, David Heathcote kuma ya shirya baje koli da kundi a kan fasahohin Hausawa a Landan a 1976, kuma adon da magina ke yi a fuskar zaure, inda dagi ke haɗuwa da siffar keke ko agogo ko jirgin sama, zanen titi ne ta kowace fuska, tunda don mai wucewa aka yi shi. Haka masu zanen bayan manyan motoci, da masu rubuta allunan shagon aski da na mai shayi, da waɗanda suka zana bangon littattafan soyayya na Kano kafin kwamfuta ta karɓe aikin, duk sun yi aiki mai yawa wanda har yanzu bai samu rubutun da ya kai yawansa ba. A 2016 Glenna Gordon, 'yar Amurka, ta fitar da littafin hoto mai suna Diagram of the Heart a kan mata marubuta littattafan soyayya a Arewacin Nijeriya, da Ingilishi, a wajen ƙasar. A daidai wannan lokaci Fati Abubakar ta zaɓi wata hanya, ta riƙa sa hotunan rayuwar yau da kullum ta Maiduguri a Instagram ƙarƙashin sunan Bits of Borno, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, domin ta nuna abin da labaran yaƙi ke bari a baya, kuma mutanen da ke cikin hotunan suna iya ganin kansu a wayoyinsu a ranar da aka sa.

Intanet ta rage tazarar da ke tsakanin irin wannan aiki da mutanen gida ƙwarai, kuma mujallar Contemporary And, wadda Julia Grosse da Yvette Mutumba suka kafa a 2013, ana karanta ta kyauta daga ko'ina, tana kuma horar da matasa masu sharhi a biranen Afirka. Amma shafin intanet yana iya rufewa ranar da kuɗin tallafi ya ƙare ko kamfani ya sauya tsari, sannan harshen sharhin bai sauya ba, Ingilishi ne da Faransanci, a wasu wurare Larabci ko Fotugis. Shi kuwa littafin takarda mai cikakken launi ana buga shi ne a Italiya ko Jamus ko Sin, ana sa masa farashi da dala ko yuro, ga shi masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙatar Nijeriya, faɗuwar darajar naira tun 2023 kuma ta sa kwafi guda na iya cinye kaso mai tsoka na albashin malamin zane. Wannan ne ya sa ɗakin karatun da Bisi Silva ta kafa a cibiyarta da ke Yaba a 2007, inda ta tara dubban littattafai da mujallu da kundayen baje koli domin ɗalibai da masu zane su zauna su karanta, ya zama ɗaya daga cikin ayyukanta mafi tasiri kafin rasuwarta a 2019, kuma ɗalibin da ke Zariya ko Maiduguri ko Damagaram, idan yana son ya ga yadda aka buga Keïta ko Ojeikere a kan takarda mai kyau, yawanci sai ya dogara da kwafin da wani malami ya sayo a wata tafiya, ko hotunan shafuka da abokan karatu ke tura wa juna ta WhatsApp.